Kwana Bakwai Ana Jinyata Ina Lafiya

A layinmu na unguwar Ambassatna, cikin N'Djamena, gidajen Hausawa bakwai ne. Shida na jikokin mahajjata ne, kakanninmu sun taso da niyyar Makka suka yada zango a nan, zangon bai ƙare ba har yau. Na bakwai na wani mai sayar da atamfa ne a babbar kasuwa, Grand Marché, wanda ya zo daga Sakkwato da matarsa ba da jimawa ba. Basakkwata muke ce mata.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da rabin layin, sai mu matan gidajen muka tsara jinya. Duk wadda ta kwanta, kowane gida zai ɗauki yini guda: girki, shara, wanki, da zama kusa da ita. Shugabarmu wata dattijuwa ce mai sayar da tukwanen ƙauyen Gaoui, kowa Gwaggo yake ce mata. Da yake ni na yi lekol, wato makarantar boko, ni na rubuta jerin gidajen a bayan tsohuwar kalanda.

Damina ta wuce, kowa ya warke, aka yi wata huɗu ko ciwon kai babu mai yi. Gwaggo ta shiga zagaya gidaje kowace safiya. In ta gaishe ka da Larabcin nan ta ce "Afe?" aka amsa mata da lafiya lau, sai ta tsaya ta ƙare wa mutum kallo kamar mai neman tsaga a jikin tukunya, ta fita ba walwala.

Ran wata Asabar ina daka barkono a tsakar gida, ya shige mini hanci. Na yi tari, na yi atishawa, idanuna suka kawo ruwa. Ashe Basakkwata tana shanya a bayan katanga. Ita bayan damina ta shiga jerin, ba ta taɓa samun yininta ba. Kafin in wanke fuska mata biyar sun cika gidan, an karɓe taɓaryar daga hannuna, an kwantar da ni, an lulluɓe ni da bargo cikin zafin nan na N'Djamena.

Na rantse musu barkono ne. Gwaggo ta dafa goshina, ta juya ta gaya wa sauran cewa haka mai jinya yake, musu shi ne alamar farko.

Na sa rai ga maigida. Da ya dawo daga kasuwa ya tarar da farfesun kaza, da kisar mai laushi, wainar nan mai faɗi kamar sinasir, da karkanji, wato zoɓo, mai sanyi a sabon tulu. Ya ci, ya ƙara, ya wanke hannu, sannan ya shaida wa Gwaggo cewa shi ma kwana biyun nan ya lura ba na cikin hayyacina. Shekara goma sha da aure, ban taɓa yi masa irin kallon da na yi masa ranar ba. Bai ɗago ba.

Kowane gida da cutar da ya gano mini. Gida na farko suka ce shawara ce, na biyu suka ce sanyi ne, suka yi mini sirace da ganyen darbejiya har na ga bishi-bishi. A rana ta uku na lallaɓa na ɗauki tsintsiya, aka kama ni, aka ƙwace tsintsiyar aka kai ta maƙwabta. Nan na kira Gwaggo gefe, na roƙe ta ta bar ni in warke.

"Ɗiyata, in kika warke yau, me zan ce wa gida huɗun da suka rage?" ta ce. "Wata ta riga ta sayi kaza. Ki yi haƙuri zuwa Juma'a."

Na koma na kwanta.

Alhamis ce ranar Basakkwata. Ta zo da sassafe, ta share gidan da aka riga aka share, ta dama mini fura, ta zauna bakin gado tana yi mini fifita. Can na ji mafici ya tsaya. Na duba, na gan ta tana rawar ɗari, haƙora na haɗuwa. Na taɓa wuyanta, kamar garwashi. Ta ce kwana uku ke nan tana fama, ta ɓoye ne kada a ba wata yininta.

"Yaya, tun da na zo garin nan ba ni da gidan shiga," ta ce. "Larabcinku ba na ji, in kun haɗu rabin zancenku da shi kuke yi. Na ce in na yi jinyarki, na zama 'yar layi."

Na tashi na kwantar da ita a gadon, na jiƙa tsumma ina goga mata. A haka Gwaggo ta same mu. Ta ga da gaske ne, nan take ta sa a kira taksi. Amma ta yanke hukunci cewa ni ma har yanzu ina cikin kwanakina, ba za a bar mai jinya ita kaɗai a gida ba. Muka cika motar mu shida. Ni na rungume Basakkwata, wata kuma ta rungume ni tana yi mini sannu.

A asibiti ma'aikaciyar ta tambaya da Faransanci wace ce marar lafiyar. Hannuwa suka rabu, biyu suna nuna ta, biyu suna nuna ni. Ni ce kuma mai yi musu tafinta, don haka da bakina na fassara cewa ana zargin ina da shawara ko sanyi. Aka sa wa Basakkwata ruwa, aka yi mata allura. Ni aka auna ni sama da ƙasa, likita ya ce bai ga komai ba. Na fassara wa Gwaggo, ta ɗaga hannu ta gode wa Allah, ta ce to ai ga amfanin jinya nan.

Ran Juma'a bayan la'asar aka ba ni izinin warkewa. Na ɗaura zane, na ji ya yi mini kaɗan, na zaga gidaje ina godiya, ko'ina ana ce mini kai, kin rame.

An sallamo Basakkwata ran Asabar. Na juya kalanda na rubuta sabon jeri, na sa gidana a farko. Da na shiga ɗakinta da kwanon kunu na tarar mata uku sun riga ni, ba yininsu ba ne, sun zauna a tabarma suna gardama a kan ko shawara ce ko sanyi. Da Hausa zalla suke yi, ita kuma tana kwance tana sa musu baki.