Ranar da Aka Tuɓe Gwaggo a Tashar Batsari

Abubuwa da yawa sun zube mani a kai, har sunayen 'ya'yan ƙannena sai an tuna mani, amma ranar da aka tuɓe Gwaggo a tashar Batsari ba ta cikin abin da zan manta. Ku direbobin yanzu da kuke damuna da tambaya, wai da gaske ne tsofaffin motoci sun fi cin gwaji, to ga abin da na gani da idona. Aji uku na yi aka kore ni, don haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a ranshi, kada ya zo mani da shi.

Gwaggo mota ce. A-kori-kura irin ta farko-farko, mai zagayen ido, ƙarfen jikinta kamar na garma. Ubangidana Alhaji Bawa ya saye ta a hannun wani ɗan kwangila ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ni kuma na zama direbanta: Batsari zuwa Runka, wani lokaci har Safana. Ba ta da gudu, kujerarta ce ta cinye mani baya, amma ba ta taɓa faɗuwa gwaji ba. Ba wani asiri ba ne. Motar ba ta da komai a ciki, to me zai lalace?

Bari in yi bayanin gwaji don wanda ba direba ba. Kowace shekara sai a kai mota Katsina gaban ma'aikacin gwamnati mai duba motoci. Ya duba fitila, madubi, abin share gilashi, tayar safaya, oda wadda ku yanzu kuke ce ma hon, sannan ya shiga a gwada birki. In ya gamsu ya ba ka takardar lafiyar mota. In ba ka da ita, duk ɗan sandan da ya tashi da yunwa kai ne karin kumallonshi. Mai gwajin namu wani siririn mutum ne da ba ya dariya, kullum da 'yar guduma yana ƙwanƙwasa tayoyi, shi ya sa muke ce mashi Mai-Guduma.

To a tasharmu babu motar da ta haɗa kayan nan duka lokaci guda, sai Gwaggo. Hanyar Runka ba ta barin madubi a jikin mota, tana karkaɗe shi kamar ana kaɗe kanya. Saboda haka duk wanda gwajinshi ya zo, sai ya zo wurina da sukundireba da goro biyu. Ya kwance abin da ya rasa, ya ɗaura ma tashi, ya je Katsina ya ci gwaji, ya dawo ya maido. Ba mu ɗauke shi zamba ba, zumunci ne, kamar aron tabarma ranar suna. Odar Gwaggo ta fi ni sanin hanyar Katsina.

Ita odar nan sai na faɗa maku yadda take. Ba ta da kama da ta kowace mota. Kukanta kamar jaki mai mura ne aka taka ma wutsiya. Mutanen Runka da Fulanin rugagen hanya da ita suke sanin lokaci. Ranar kasuwar Batsari in na danna ta bayan la'asar, ko mutum yana tsakiyar ciniki zai bar shi ya taho, don ya san mota za ta tashi.

'Yan shekaru bayan an sauya hannun tuƙi, kuɗin fetur suka fara shigowa ƙasa, kowa ya zama ɗan kwangila. Alhaji ya sayo sabuwar mota mai ƙyalli da rediyo, ya ba wani Lawal, ɗan gayu mai wando kamar buje, da mataji soke a gashi. Damina ɗaya ta yi, ruwan rafi ya shiga odarta ta mutu murus.

Da kaka ta shigo, sai sarkin tasha Na-Allah, wanda shi ke raba mana layin lodi, ya tara mu fuska a ɗaure. Ya ce saƙo ya zo, bana ba mai zuwa Katsina. Mai-Guduma ne zai zo Batsari da kanshi ranar kasuwa, a jera motoci duka ya duba su zama ɗaya.

Wani daga baya ya ce, "To madubin fa? Ai guda ne."

Na-Allah ya ce, "Ba sai ka faɗa da ƙarfi ba, dan ubanka."

Aka yi ta shawara, kowa na kallona ta wutsiyar ido. Ƙarshe abin da suka tsayar shi ne a rarraba kayan Gwaggo. Mai neman madubi ya ɗauki madubi, mai neman fitila ya ɗauki fitila, mota ɗaya ta faɗi sauran su tsira. Na ce ban yarda ba. Na-Allah ya ce ai motar ba tawa ba ce. Na tafi gidan Alhaji a fusace, na same shi a zaure, ashe sun riga ni.

Ya ce, "Mamman, odar ma ni na ce a ba Lawal. Gwaggo ta gama zamaninta. Sitiyarinta ma yana hannun da gwamnati ta bari. In ta faɗi mu jingine ta bayan gida, kaji su samu ɗaki."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ni fa?"

Ya ce, "Kai ba ka da gona a Yasore?"

Ina da gona a Yasore. Rabinta dutse ne, ɗaya rabin na yayana. Ga mata, ga yara, ga lodin gyaɗa ya kama. Na fito ban yi mashi sallama ba.

Ranar kasuwa da safe suka taru a kanta kamar mahauta. Wannan ya cire madubi, wancan fitilar hagu, wani abin share gilashi, wani ya mirgina safaya yana fito. Lawal ya zo ƙarshe ya kwance oda, har da ce mani, "Baba Mamman, ka yi haƙuri, zamani ne." Ban ma kai shekarun da zai ce mani Baba ba, don ya ƙona mani rai ne. Muka tura ta ƙarƙashin tsamiya can ƙarshen layi, ido ɗaya, ba murya. Na zauna a kan bodinta ina cin goro.

Mai-Guduma, kamar kowane ma'aikacin gwamnati, an ce da safe, bai iso ba sai da la'asar ta gota. Ya fara daga kan layi. Ya ƙwanƙwasa, ya leƙa, ya daɗe yana kallon madubin Gwaggo mai 'yar tsaga a gefe a jikin wata mota, sannan ya wuce. Ya iso kan sabuwar motar Alhaji. Alhaji na tsaye da babbar riga yana ta washe baki.

Mai-Guduma ya ce, "Direba, oda."

Lawal ya danna. Jakin nan mai mura ya yi kuka, duk kasuwa ta ji.

Jama'a, abin da ba wanda ya tuna da shi a shawarar nan ke nan. Kafin kukan ya mutu, kasuwa ta fara zubowa tasha. Mutanen Runka da buhunan gishiri, mata da ƙwarya a ka, wani yana jan akuya yana ihu a jira shi. Suka wuce sabuwar mota ko kallonta ba su yi ba, suka nufi tsamiya suka fara hawa Gwaggo.

A gabansu akwai Inna Hari, wata tsohuwar Bafulatana mai sayar da nono, wadda kujerar gaba tata ce tun kafin in yi aure. Ta tsaya, ta kalle ni a kan bodi, ta juya ta kalli inda kukan ya fito. Ta taka har gaban Lawal.

Ta ce, "Kai yaro, wa ya ba ka muryar Gwaggo?"

Lawal ya ce, "Inna, ki wuce, aiki ake yi."

Ta ce, "Aikin sata? Ga ta can kun ƙwaƙule mata ido, kun cire mata kunne. Ba ku tsoron Allah?"

Na-Allah ya fara tari. Alhaji ya shiga gyara hula. Mai-Guduma ya sa gudumarshi a hammata, ya bi bayan tsohuwa har tsamiya. Ya zagaya Gwaggo, ya sa yatsa a ramin fitila, ya taɓa inda madubi yake zama. Sannan ya kalle ni.

Ya ce, "Kai ne direbanta?"

Na ce, "Ni ne, Yallaɓai, zuwa magariba."

Ya ce, "Shekara da shekaru ina jin odar nan a Katsina, yau a bakin wannan mota, gobe a bakin waccan. Na ce wata rana zan ga uwarta. Tana tashi?"

Na ce, "Ba ta taɓa ƙi ba."

Ya sa fasinja suka sauka. Kowa ya sauka ban da Inna Hari, ta riga ta hakimce a gaba da ƙwaryar ragowar nono a cinya. Ta ce in gwamnati na son zama za ta matsa mata, amma ba ta sauka. Haka Mai-Guduma ya matsu a gefenta. Ya ja layi a ƙasa da gudumarshi tun kafin ya shiga, ya ce in koma baya, in taho da gudu, in tsaya kafin layin.

Na koma har bakin mahauta. Na ce a raina, Gwaggo, ko ke ko gonar dutse. Na ba ta wuta iya abin da take da shi, da na matso na taka birki da ƙafa da zuciya. Ta tsaya cak, kamar an ɗaure ta da turke. Ƙwaryar Inna kuwa ba ta tsaya ba. Nonon nan duka ya tafi a kan kakin Mai-Guduma, daga ƙirji har gwiwa.

Na ce shi ke nan, Yasore ta kira ni. Inna ta fara salati tana cewa sai an biya ta. Shi kuwa ya sauka, nono na ɗiga, ya je ya duba layi, ya dawo. Ya share haɓarshi da yatsa.

Ya ce, "Birki na ci."

Sannan ya ɗaga murya. Ya ce duk wanda ke da kayan motar nan a jikin tashi ya kwance ya maido, yana tsaye. Na so a ce kun ga abin. Manyan direbobi masu gemu, a gaban kasuwa, kowa da abinshi a hannu: mai madubi, mai fitila, mai mirgino taya. Lawal ne ƙarshe, ya riƙo oda kamar mai kai gawar kaza. Mai-Guduma ya ce ba sai ya sake duba kayan ba, ai ya gama duba su a jikin wasu kuma lafiyarsu lau. Ya rubuta ma Gwaggo takarda a kan bonet. Sauran ya ce su same shi Katsina in sun sayi nasu.

Alhaji ya matso kusa da ni, ya yi gyaran murya, ya ce, "Ai dama na san ba za ta faɗi ba." Ya ce gobe da asuba akwai lodin gyaɗa a Runka. Ban tuna mashi da ɗakin kaji ba. Shi ya biya Inna nononta.

Abin da na koya shi ne, duk abin da mai gwaji ke dubawa ana iya aro, ban da birki. Na kuma koya cewa direba ba ya tuba, sai dai ya jira. Shekara na zagayowa gwaji ya koma Katsina, damina ta sake kashe odar Lawal, sai ga shi a ƙofar gidana da sukundireba da goro biyu, yau ba Baba, sai "Yaya Mamman". Na ba shi, me zan yi, haka aikin yake. Da ya dawo na tambaye shi yadda aka ƙare.

Ya ce yana danna oda, Mai-Guduma bai ko ɗago kai ba, ya ce, "In ka koma ka gaishe mani da Gwaggo. Ka ce mata muryarta ta ci gwaji. Kai kuma ka dawo da taka."