Makiyayin da Aka Bari a Rijiya

Ni ɗan Gwandu ne, amma abincina a Kalgo yake. Ina da ɗan shago a bakin kasuwa inda nake cajin wayoyi, ina kuma tura wa mutane wa'azi da fina-finai a memori. Ban yi nisa a boko ba, a ƙaramar sakandare na tsaya. Abin da Allah Ya ba ni shi ne murya, da iya karanta Hausa ba tuntuɓe. Da muryar nan na ci abinci, da ita kuma na cuci abokina.

Unguwarmu ɗaya da shi, tare muka taso. Shi ya yi karatu, ya zama malami a wata makarantar Islamiyya a Gwandu, yana koyar da fiƙihu da Larabci. Abin da mutane ba su sani ba shi ne yana rubuta labari a wayarsa, irin na aljanu da matsafa da biranen da babu su a duniya. Shugaban makarantarsu dattijo ne mai tsanani, a wurinsa irin wannan rubutu ƙarya ce mai ɓata hankalin yara, har ya taɓa sallamar wani malami don an gan shi a wasan kwaikwayo. Abokina yana da mata da 'ya'ya, ba shi da gonar kirki, aikin nan shi ne rufin asirinsa. Shi ya sa ranar da ya fara turo mini labarin ya sa na ɗauki alkawari: in karanta, in naɗi muryata, in tura wa wanda na ga dama, amma kada bakina ya taɓa faɗin wanda ya rubuta. Na ce na ji, amana ce.

Jarumin labarin makiyayi ne, da sandarsa da wani farin bijimi mai magana. An sace masa garke, ya bi sawu har ƙasar aljanu. Yawancin masu kawo mini caji ranar kasuwa makiyaya ne, kuma da yawansu ba sa karanta boko. Na saka wa mutum ɗaya labarin a memori don gwaji, mako bai zagayo ba sai ga su sun cika ƙofar shagon, kowa da memorinsa a tafin hannu. A daji suke saurare, waya a aljihun riga, suna bin shanu. Wanda ya fi kowa riƙe labarin wani tsoho ne daga rugar da ke gefen fadama, dogo, mai jan gemu. Baffa nake ce masa. Ya haddace kirarin bijimin kaf, in na yi kuskure a karatu sai ya gyara mini.

Littafi na biyu ya ƙare da tashin hankali. Sarkin matsafa ya jefa makiyayin a busasshiyar rijiya, ya rufe bakinta da dutse, aka ɗaure bijimin a gindin tsamiya. Mutane suka yi ta zirga-zirga suna tambayar na uku. Da ya iso wayata, na buɗe da ɗoki, sai na tarar da kogi. Wata yarinya 'yar masunta ce da yayanta a cikin kwalekwale, suna neman mahaifinsu da ruwa ya ɗauke. Na karanta babi na farko, na biyu, na uku, ko sau ɗaya ba a ambaci rijiya ba.

Na kira abokina na tambaye shi ko ya turo mini wani littafin ne bisa kuskure. Ya yi dariya, ya ce ba kuskure, duniyar labarin tana da faɗi, in yi haƙuri. Ya tuna mini cewa marigayiya mahaifiyarsa 'yar masunta ce, ya daɗe yana son ya rubuta mutanenta. Na ce masa masu saurare ba za su yarda ba. Ya ce in dai karanta yadda yake.

A nan laifina na farko yake. Na karanta, amma ba yadda yake ba. Makiyayin nakan ba shi muryata ta ƙirji, in ja kirarinsa har tsikar jikina ta tashi. Yarinyar kuwa sai na ba ta wata siririyar murya ta hanci, irin wadda ake kwaikwayon wawa da ita. Yayanta na riƙa karanta maganarsa da sauri kamar mai son ya gama ya tashi. A raina cewa nake yi in mutane suka ƙi su, dole abokina ya koma rijiya. Ban canza kalma ɗaya ba, don haka na riƙa gaya wa kaina ban yi komai ba.

Shekarar kuma ta zo da rigima a kan mashaya. Masunta suna cewa shanu na tattake musu komar kamun kifi a bakin ruwa, makiyaya suna cewa nan kakanninsu suka shayar. Magana ta kai gaban hakimi, ba a gama ta ba. A cikin wannan yanayi littafi na uku ya shiga daji. Makiyaya ba su ɗauke shi labari kawai ba. Gani suka yi an jefa nasu a rami, an tafi ana yabon abokan rigimarsu.

Akwai mai soyayyen kifi kusa da shagona, ɗan masunta ne, bakinsa ba ya zama. Da ya gane abin da ke ci musu rai, sai ya samu abin yi. Duk makiyayin da ya tsaya, sai ya leƙo ya tambaye shi lafiyar mutumin rijiya, ko an kai masa fura. Da farko ana dariya, ana mayar masa cewa ba a taɓa jin jarumi mai ƙarnin kifi ba. Daga baya dariyar ta ɗauke. Wasu suka daina kawo mini caji. Wani saurayi ya goge littafin a gabana, ya tofar da yawu a ƙasa.

Wata ranar kasuwa da la'asar makiyayan suka zo a tare, sun kai goma ko fiye, Baffa na gaba. Ba su yi ihu ba, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Suka tsaya da sanduna a kafaɗa, suka tare hasken ƙofa. Ɗaya daga cikin samarin ya ce sun ji labari masunta ne suka saye ni, shi ya sa na juya labarin. Na rantse ba ni nake rubutawa ba. Ya ce wannan zancen sun gaji da shi, murya tawa ce, shago nawa ne, wa kuma za su tambaya. Mai kifi ya koma yana juya kifin da ya riga ya soyu.

Baffa ya ɗaga hannu, suka yi tsit. Ya ce, "Ɗana, ba faɗa munka zo ba. In kai ne, ka faɗa mana gaskiya. In ba kai ne ba, ka nuna mana mai shi, mu bar ka ka huta."

Babu wanda ya taɓa ni. Wannan nake so in faɗa a fili, don na sha ba da labarin nan kamar an sa mini wuƙa a wuya. Da na ce amana ce ba zan faɗa ba, Baffa mutum ne da ya san amana, da ya janye su. Amma ina jin haushin abokina, ina ganin shi ya ja mini wannan, yana can Gwandu hankalinsa kwance. Sai na ji bakina yana faɗin sunansa, da cewa malami ne, a makaranta kaza, a unguwa kaza. Na ƙara da cewa kada su ce ni na faɗa. Baffa ya gyaɗa kai, ya yi mini godiya, suka watse.

Ya kamata in kira abokina tun a ranar. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga. Na riƙa ce wa kaina Gwandu da nisa, wa zai bar shanunsa ya tafi neman mai rubuta labari. Da ya kira ni yana tambayar yadda mutane suka karɓi sabon babi, na ce masa ana ta saurare.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, mai kifi ya leƙo shagona ba fara'a a fuskarsa. Ya ce ya ga Baffa da sassafe a tasha, ya sa fararen kaya, yana riƙe da ƙwarya a ƙulle cikin zane. Da ya tambaye shi, ya ce zai je gaida 'yan'uwa wajen Dalijan, amma sai ya fara biyawa Gwandu wurin malam mai labari.

Na bar wayoyin mutane a jone, na ja ƙofa. A cikin bas na yi ta kiran abokina, wayar a kashe, don ba ya shiga aji da ita a kunne. Direba ya tsaya ɗaukar buhunan albasa, na ji kamar in sauka in tafi da ƙafa. Ina ta addu'a Allah Ya sa tsohon ya ɓata hanya, ko ya tarar an tashi. Da na sauka na hau kabu-kabu, ina ce wa mai mashin ya ƙara wuta, yana ce mini in ina gaggawar mutuwa in tafi ni kaɗai.

Na tarar da takalman Baffa a ƙofar ofishin shugaban makaranta. Daga waje ana jin karatun yara. Na yi sallama na shiga. Baffa na zaune a tabarma, ya buɗe ƙwaryar, man shanu ne fal. Shugaban na kan kujerarsa. Abokina yana tsaye jikin bango, alli a yatsunsa. Kallo ɗaya ya yi mini ya kawar da kai.

Baffa bai zo da sharri ba. Ya tambayi inda shugaban makarantar yake ne don ya ga bai dace ya shiga gidan mutane bai gaida mai gida ba. Kafin in iso ya riga ya ba shugaban labarin tun daga satar garke, har da kirarin bijimi. Ya yabi abokina, ya ce bai taɓa jin mai ilimi irinsa ba. Yanzu roƙo yake yi.

"Malam, ka yi wa Allah ka hidda yaron nan daga rijiya," in ji shi. "Ko ba za ka ba shi shanunai ba, ka hidda shi ya sha iska. Sannan ka koma wurin masuntanka, ba mu hana ka ba."

Shugaban ya saurare shi har ƙarshe, ya sa aka kawo masa ruwa, ya karɓi gaisuwarsa da mutunci. Sai da Baffa ya fita alwala sannan shugaban ya juyo kan abokina. Bai ɗaga murya ba. Ya tambayi abokina ko gaskiya ne, abokina ya ce gaskiya ne. Ya tambaye shi ko ɗalibansa sun taɓa ji, ya ce bai sani ba. Shugaban ya ce da wani ne, da yau ya ajiye alli, amma ya san mahaifinsa, kuma bai taɓa samunsa da wasa da aiki ba. Ya ba shi zaɓi a take, ko makaranta ko rubutu, kuma in rubutun zai bari, sai ya faɗa da bakinsa a gaban shaida. Ni aka nuna a matsayin shaidar.

Na yi yunƙurin magana, shugaban ya ce ba da ni yake ba. Abokina ya daɗe yana kallon ƙwaryar man shanu. Sannan ya ce ya bar rubutu daga yau, Allah ne shaida.

Bayan an tashi na bi shi har bakin masallaci ina ba shi haƙuri. Na fara cewa sun taru mini da sanduna, sai ya tsaya ya tambaye ni ko an doke ni. Na ce a'a. Ya ce ya saurari littafi na uku a wayar wani maƙwabcinsa tun makon jiya, ya ji yadda na karanta yarinyar, bai dai ce mini komai ba. Maganganunta na mahaifiyarsa ne, yadda take faɗarsu. Ya ce ya yafe mini don yana son Allah Ya yafe masa, amma in goge abin da ya rage a wayata. Na goge a gabansa. Har yau yana koyarwa a makarantar, muna gaisawa in mun haɗu a ɗaurin aure ko jana'iza. Bai sake turo mini komai ba.

Ranar kasuwa ta gaba Baffa ya zo da fara'arsa, yana gaya wa samari yadda aka karɓe shi a Gwandu, har babban malami ya sa aka ba shi ruwa. Ya miƙo mini memorinsa, ya ce yana fata an samu ci gaba. Na ce ya zauna a benci. Na gaya masa duk abin da ya faru bayan fitarsa, da alkawarin da na ɗauka tun farko, da yadda na karya shi.

Baffa ya shafa gemu. Ya tambaye ni ko malamin na da 'ya'ya, na ce yana da su. Ya tambaya ko an bar masa aikinsa, na ce an bar masa. Ya yi hamdala. Sannan ya dube ni ya ce, "Da ka ce mini amana ce, ɗana, da ban tambaye ka sau biyu ba."

Ya mayar da memorin aljihu, ya ɗauki sandarsa, ya nufi wajen masu sayar da gishirin shanu.