Fambel Ɗin da Aka Hana Ja'afaru

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Rajab, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙanena Ja'afaru a kan hanyar da ta taso daga Watari, a cikin a-kori-kurar da ya shekara tara yana tuƙawa. Daga Allah muke, gare Shi kuma makomarmu take. Ya bar matarsa Hafsatu da 'ya'ya huɗu. Ya bar ni, yayarsa da ta goye shi, da wata magana da na kasa haɗiyewa.

Ja'afaru, ban san direban da ya kai ka kula da motar da ba tasa ba. Kullum ka dawo daga sallar asuba, tun ba ka karya ba, sai ka ɗaga murfin inji, ka danna fambel da babban yatsa, ka murɗa shi ka duba cikinsa ko ya fara tsagewa. Na taɓa yi maka tsiya cewa ka fi duban robar nan a kan fuskar 'ya'yanka. Ka yi dariya ka ce, "Yaya, abin nan da kike rainawa shi ke juya fanka, shi ke cajin batir, shi ke sa sitiyari laushi. Ran da ya tsinke, jaki ya fi motar nan."

Bayan kujerarka kuwa ba a rasa sabon fambel a ajiye tare da darduma. Bara, a hanyar Shanono, ka tarar da wata mota irin taka ta ɗauko wata mata mara lafiya, fambel ɗin motar ya tsinke a tsakiyar daji. Ka ciro naka ka saka musu, ka ja shi daidai, ko sunansu ba ka tambaya ba. Ba daga bakinka na ji ba, dangin matar ne suka zo har garinmu Kunci godiya. A shekarun nan da tsadar mai ta mayar da mutane tafiyar ƙasa, tsofaffi nawa ka rage wa hanya ranar kasuwa, Allah kaɗai Ya sani.

Wanda ka bayar ɗin ba a sake sayo maka madadinsa ba. Da kakar tumatir ta kama, na jikin motar ya soma ihu, ana jin ka tun daga bakin gari. Sau uku kana zuwa wurin mai motar, Alhaji Abdussalam. Amsarsa ba ta sauya ba: "Kai Ja'afaru, kowa yana ji a jikinsa. Goga masa sabulu ya yi shiru, ya kai mu ƙarshen tumatir." Alhali a makon nan aka sayo sabo guda daga Kano, aka saka wa motar da ɗansa yake ja.

A nan nake tuhumar kaina, kuma ba zan ɓoye ba. Da safiyar ranar ka tsaya a ƙofata ka ce, "Yaya, san mini guntun sabulu." Ka faɗa mini dalili. Na ga a fuskarka ba ka so. Maimakon in ce ka ajiye mukulli ka zauna gida, sai na ce, "Ka yi haƙuri, aiki ya yi wuya, kada ka ɓata da Alhaji." Da hannuna na miƙa maka. Sabulu yana kashe ƙara ne, ba ya ɗinke tsaga. Kai ka san haka, ni ma daga bakinka na san haka.

Sama'ilu, manomin da ka ɗauko wa kaya, yana zaune kusa da kai, kuma Allah Ya yi masa sauran kwana. Ya ce kuna gangarowa kwanar rafi, mota shaƙe da kwanduna, aka ji fas a cikin inji, sitiyari ya ƙage a hannunka. Ya ce ka yi salati, ka ce masa, "Riƙe da kyau, Malam." Bai ƙara jin muryarka ba.

Ranar sadakar uku Alhaji ya zo da jama'arsa da buhun shinkafa. Liman ya yi nasiha a zaure, ya ce ƙaddara ce, a yafe wa juna kamar yadda aka saba. Mazan gidanmu suka ce sun yafe. Aka aiko cikin gida a ji daga bakin mata. Ni na taso na tsaya a bayan ƙofa na ce, "Alhaji, na yi imani da ƙaddara. Amma mota biyu gare ka, fambel ɗaya ka sayo, kuma ka san wadda ka zaɓa ka saka wa. Ban yafe ba."

Tun ranar nake auna zuciyata. Na san falalar yafiya, ni nake karantar da ita ga matan unguwa. Na tambayi kaina ko fushin nan don Allah ne, ko kuwa nawa laifin nake neman wanda zan ɗora wa. Wataƙila duka biyun ne. Amma haƙƙin marayu huɗu ba nawa ba ne balle in kyautar da shi a zaure don kada a ji kunya. Allah Ya isa tsakaninmu da shi. Ina roƙon a tsayar da mu tare ranar da ba mai cewa wani ya yi shiru, a tambaye shi, ni ma a tambaye ni.

Allah Ya jiƙan ka, Ja'afaru, Ya yalwata kabarinka, Ya sa taimakon da ka yi wa bayinSa a kan hanya ya zame maka haske. Hafsatu, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya miki yaran nan da albarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga dangi da direbobin tashar Kunci. Allah Ya gafarta mana, Ya gafarta mini nawa. Suna ɗaya na tsallake a cikin addu'ar nan, kuma da sanina na tsallake shi.

Yayarka,
Rahmatu