Koren Zare

Ranar da abin ya faru na tashi da asuba kamar kullum. Na yi salla, na hura wuta, na ɗora tukunyar kunu. Gero ne da gyaɗa da waken suya, a soya a niƙa. Shekara biyu ke nan ni ce mai dama shi a gidan Mai Sikeli. Ƙarfe shida ake ba yara na farko, sai tara, sai sha biyu. Na san lokaci ne saboda agogon roba da ta ɗaura mini a hannu, mai yin ƙara idan lokacin ya yi. Ta ce yaron da tamowa ta kama ba ya jiran rana ta ɗaga.

Mai Sikeli Baturiya ce, tsohuwa, 'yar mishan. Cocinsu na can ƙasarsu ne ya turo ta. Sunanta ya gagari bakinmu, sai muka laƙaba mata na aikinta, domin duk yaron da aka kawo sai ta rataya shi a sikeli kafin ma ta gaisa da uwarsa. Ƙauyenmu yana gabas da Ajingi, tafiyar awa biyu da rabi a ƙafa. Ba zan faɗi sunansa ba. Da farko mutane sun yi baya-baya da ita. Liman ya je ya yini a gidan yana kallon abin da ake yi, ya dawo ya ce shi dai kunu ya gani da magani. Takan yi addu'arta a ɗaki da safe tana rera waƙa ƙasa-ƙasa, mu kuma mu yi sallarmu a rumfa. Ba ta taɓa ce mini in bar nawa ba.

'Yata ce ta kai ni gidan. Mijina ya tafi cin rani kudu ina da cikinta. Ya bugo waya ranar suna, ya sake bugowa sau ɗaya, daga nan shiru. Da na yaye ta sai ta kumbura, gashinta ya yi ja. Mai Sikeli ta yi jinyarta har ta miƙe, ni kuma ta ba ni aikin girki. A daminar da nake ba da labari ƙyanda ta sake kwantar da ita, aka mayar da ita ɗakin marasa lafiya. Shekararta uku da 'yan watanni.

'Yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Na san 'yan birni sun bar wannan. Mu ba mu bari ba, ni kuwa na fi kowa riƙo da shi. Mace ce ni ba miji a gida, ba na son a ƙara da cewa ba ni da kunya. "Yarinyar nan" nake ce mata. Ita kuma Yaya take kirana.

Akwai wata doka a gidan. Wuta ta taɓa kama rumfar girki, tun daga nan Mai Sikeli ta raba yara kashi uku, kowane yaro da zare a wuyan hannu: ja, shuɗi, kore. Ja nawa ne. Shuɗi na Gwaggo Asabe ne, wata dattijuwa mai wanki. Kore na Talatu ne, ƙawata, Kirista daga unguwar da ke bayan fadama. In aka busa usur sau uku, kowa ta kwashi nata ta fita ta ƙofar baya, a haɗu a gindin tsamiya a ƙirga. Ba a neman ɗan wata, ba a tsayawa tambaya. Mafi rauni a goya, na biyu a saɓa, na uku a riƙe masa hannu. In wata ba ta nan, Mai Sikeli ce ke ɗaukar nata. Duk wata sai mun gwada. Muna yi muna dariya, muna cewa tsohuwar nan so take ta mayar da mu sojoji.

Ranar da aka mayar da yarinyar nan ɗakin, jan zare Mai Sikeli ta ɗaura mata. Na ce a canza. Ta dube ni ta saman tabarau.

"'Yarki ce fa," in ji ta.

Na ce shi ya sa. Ina zan goya 'yar fari in ratsa tsakar gida mata suna kallo? Talatu ta yi mata bayani har sau biyu. Ba ta gane ba, amma ta bar ni. Da hannuna na kwance jan zaren, Talatu ta ɗaura kore.

Safiyar ranar kasuwar Ajingi ce. Ƙarfe bakwai Talatu ta hau bayan babur ta tafi sayo gyaɗa da sukari. Iyayen yara mata sun ba su kunun shida sun wuce gona, don ana cirar gyaɗa. Yara tara ne a ɗakin. Dawa ta yi tsawo ta fi mutum. Da tara na raba kunu na biyu. Yarinyar nan ta shanye nata, ta miƙo mini kofi. Na ƙara mata rabi ina kallon wani wajen.

Ƙarfe goma da minti ashirin na ji ƙarar babura. Na ɗauka 'yan kasuwa ne. Sai na ji ba ɗaya ba ne, ba biyu ba, kuma babu mai yin oda. Karnukan bayan fadama suka ɗauki haushi. Goma da minti ashirin da biyar aka yi harbi na farko, ta wajen masallaci. Kaji suka watse. Aka yi na biyu a ƙofar gidanmu. Malam Haruna mai gadi yana cikin magana, maganar ta yanke.

"Ina Baturiyar?" in ji wata baƙuwar murya.

"Ku kwanta! Kowa ya kwanta!"

Sai usur, sau uku.

Ban yi tunani ba. Ƙafafuna suka kai ni tabarmar yarana masu jan zare. Na goya Musa, ɗan wata goma. Na saɓa Binta. Na damƙi hannun Idi. Tabarmar kore tana can ƙarshen ɗaki, gindin taga, taku goma daga inda nake. Yarinyar nan tana zaune da kofinta a cinya, tana kallona. Ba ta yi kuka ba, ba ta miƙo hannu ba, don ta san ba ni ke ɗaukarta ba. Na ga Mai Sikeli ta fizgo labulen taga ta sunkuya a kanta.

"Ja, tafi! Shuɗi, tafi!"

Na tafi. In na ce kunya ce ta hana ni a wannan lokacin, na yi ƙarya. Horon da muke yi wa dariya ne ya ɗauke ni. Kunya ta riga ta gama aikinta tun ranar da na kwance zaren.

A gindin tsamiya Gwaggo Asabe ta iso da nata uku. Muka durƙusa muna kallon ƙofar baya. Minti ɗaya, minti biyu. Ana fasa ƙofofi a ciki. Minti huɗu. Hayaƙi ya tashi daga ɗakin ajiya. Babu wanda ya fito. Na miƙe zan koma, Gwaggo Asabe ta riƙe mini zane, ta nuna mini yaran da ke jikina. Wani mutum da rawani ya leƙo ta kan katanga. Muka faɗa cikin dawa.

A cikin dawa ba ka ganin wanda ke gabanka. Ganye yana yanka fuska. Na ji takun Gwaggo Asabe ta hannun dama, can kuma ban ƙara ji ba. Daga baya na san ta nufi Toranke wajen 'yan'uwanta. Ni dai na waiga na ga ba kowa sai ni da 'ya'yan mutane uku.

Idi ya faɗi ya kasa tashi, muka kwanta tsakanin kara. Musa ya buɗe baki zai yi kuka, na sauko da shi na sa masa nono. Babu ruwa, amma ya kama ya yi shiru. Ƙarfe sha ɗaya da minti goma baburan suka wuce ta hanyar shanu, gab da mu, suka yi gabas. Ban gan su ba. Cikin ƙarar na ji kamar kukan yaro. Har yau ban san ko na ji ɗin ba ne.

Ban motsa ba. Gari ya yi tsit, sai fashewar kwano da wuta ke ci. Ƙarfe sha biyu agogona ya ɗauki ƙara, lokacin kunu ya yi. Ban taɓa jin abu mai ƙarfi kamar wannan ɗan kukan ba. Na cusa hannuna cikin ƙasa har ƙarar ta mutu don kanta. Yaran uku suka ɗago suna kallona, su ma sun san ƙarar. Na rarrafa zuwa gonar wani, na tuge gyaɗa, na tauna na zuba musu a baki.

Da ɗaya muka kama hanyar Ajingi, ba ta titi ba, ta gonaki. Na goya ɗaya, na saɓa ɗaya, na ukun in ya gaji in ajiye Binta in ɗauke shi. A wani kududdufi na tace ruwa da mayafina muka sha. Ban gamu da kowa ba. An bar fartanya a gona, an bar tulin gyaɗa, an bar jaki a ɗaure. Duk tafiyar abu ɗaya nake faɗa wa kaina: doka ce, wadda ba ta nan Mai Sikeli ke ɗaukar nata, kuma ba ta taɓa karya dokarta ba.

Huɗu da kwata muka shiga Ajingi, ana sallar la'asar. Mutanen ƙauyenmu sun taru a filin wata makaranta. Talatu tana bakin ƙofa, buhun gyaɗa a gefenta. Ta dubi bayana, ta dubi kafaɗata, ta dubi hannuna. Duk zaren ja ne. Ta zauna a ƙasa.

Kafin magariba mazan da suka koma duba gari suka dawo. Sun binne Malam Haruna. Sun sami yara biyu masu koren zare a banɗaki, da ransu, an tura su ciki an ja ƙofa. Wata mata da ta ɓuya a rumbu ta ga sauran. Ta ce an fito da Mai Sikeli da yarinya a bayanta, ta goya ta da labule, goyon ya karkace. Sun daka mata tsawa cewa ta ajiye ta. Ta dubi gidan yana ci da wuta, ta ƙi. Haka aka ɗora ta a babur.

Washegari wani ma'aikaci ya kafa tebur yana rubuta waɗanda ba a gani ba. Da layi ya zo kaina na ce 'yata.

"Sunanta nake tambaya, baiwar Allah."

Na dubi Talatu don ta faɗa, yadda ta saba. Kuka ya hana ta. Sai na faɗa. Bakina ya ji shi kamar baƙon abu. Mutumin ya rubuta ya ce na gaba.

Iyayen Musa da Binta da Idi suka karɓi 'ya'yansu, suna yi mini godiya. Ni na wuce Gaya gidan kawuna, aka ba ni ɗaki a bayan gida. Mutanen kirki ne, amma ba su san ta ba. Ba wanda ya san yadda take miƙo kofi. Kullum nakan fita bakin titi in tsaya ina kallon motocin da ke zuwa daga Ajingi, sai rana ta yi zafi in koma.

Bayan wata biyu Talatu ta zo a a-daidaita-sahu tare da wani fasto daga Kano. An saki Mai Sikeli. Ba ta iya tsayuwa, an wuce da ita ƙasarsu. Ta bar mini wasiƙa, faston ya karanta mini da Hausa. Yarinyar nan ta yi kwana biyar. Zazzaɓi ne, babu magani, babu kunu. A bayanta ta cika, suna cikin tafiya. Ta binne ta a gindin wata bishiya, ta kwantar da ita tana fuskantar gabas yadda ta ga muna yi, amma ba za ta iya gane wurin ba. Ta ce ko sau ɗaya ba ta ajiye ta a ƙasa ta tafi ba. Ta ce Yaya yarinyar take ta tambaya. Ta roƙe ni in yafe mata da ba ta bar ta a banɗaki tare da sauran ba. A cikin ambulan ɗin akwai koren zare, ya yi baƙi.

Ban aika mata amsa ba har yanzu. Wata rana in ji ina son gode mata, wata rana in ji ba zan iya ba. Ita ta ɗauki 'yata a bayanta kwana biyar. Ni ban taɓa goya ta a gaban mutane ba.

Gidan yana nan a ƙone, ba a sake buɗewa ba. Agogon yana hannuna. Yana ƙara da shida, da tara, da sha biyu, ban san yadda ake kashe shi ba, ban kuma tambayi kowa ba.

Na ƙirga sau nawa sunanta ya fito daga bakina. Na farko a gaban mai tebur a Ajingi. Na biyu ga limamin unguwar kawuna, don ya sa ta a addu'a. Na uku ni kaɗai a ɗaki, wata safiya da agogon ya yi ƙara, na gwada kiranta kamar za ta zo ta karɓi kunu.

Sunanta Hadiza. Wannan ne na huɗu.