Ruwan Batir

Langar da ta fi kowacce kyau a jerena ya ɗauka, nan faɗanmu ya fara a kan injin nan. Fara ce mai shuɗin baki, innata ta saya mini a Yawuri kafin a kawo ni Anacha, ko ruwan sha ban taɓa zubawa a ciki ba. Na dawo daga kasuwar Ochanja da kwandon banda a ka, sai na tarar da ita a kan turmi a tsakar gida, tana tarar ruwan sama.

Maigidana masunci ne, tun yana saurayi ya biyo kogin Kwara da kwalekwalensa har ya yada zango a Anacha. Shi yake kamo kifi, ni nake bandawa in kai kasuwa. A gidan daga mu sai 'yarmu da ke goye, sai Baffa, ƙanen mahaifinsa, wanda ya tsufa idonsa ya tafi. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin fushi, ba na ɓoyewa. Maigidana kuma haƙurinsa har haushi yake ba ni, sai in gama zazzaga masa ya ce, "To, kin gama? Kawo tuwon."

Yana da wani aboki Ibo mai shagon cajin batir a bayan tashar motoci. A Zariya aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, sai in magana ta yi zafi yake komawa turancin kasuwa. Shi ya sa wa maigidana wannan tunani. Kafaɗar maigidana ta fara ciwo saboda tuƙi, manyan injinan fetur kuma ƙararsu korar kifi take yi tun daga nesa. Mai batir ya ce zai haɗa masa inji mai aiki da batir, wanda zai lallaɓa da jirgi har kan giwan ruwa bai ji ba.

Wata biyu suka yi suna abu ɗaya a ƙofar gidanmu. Suka ciro dainamo daga wata matacciyar babbar mota, mai batir ya warware wayoyin cikinta ya sake naɗawa. Suka ɗora ta a kan bututun ƙarfe, suka zura sanda a ciki, a ƙarshen sandar farfela mai kunne biyu da maƙeri ya ƙera musu. Suka kafa katako mai kauri a gindin jirgin, suka ɗaure injin da noti huɗu. Batir biyu ne, irin na babbar mota, kowanne sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga. Da farko a baya suka ajiye su kusa da injin, hancin jirgin ya ɗaga sama, ruwa ya dinga kwararowa ta gindi. Sai suka mayar da su tsakiya cikin akwatin katako da aka shafe da kwalta, suka jawo waya mai kauri zuwa baya.

Ranar gwaji duk masuntan bakin ruwa sun hallara. Maigidana ya yi bisimilla ya danna makunni, jirgi ya tafi da baya-baya ya afka cikin ciyawa. An juya wayoyin ne. Har Baffa da ba ya gani sai da ya yi dariya ya share hawaye. Da aka gyara kuwa, sai jirgin ya sulale a kan ruwa, ba abin da ake ji sai ɗan gunji kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Na ga fuskar maigidana ranar. Na ji daɗi, amma ban nuna ba, don ban huce da zancen langata ba.

Mai batir ya kira ni gefe ya ba ni wata babbar kwalba.

"Madam, aikinki ke nan. Batir yana shan ruwa, amma ba kowane ruwa ba. Ruwan sama, wanda ya sauko kai tsaye cikin kwano mai tsabta. Ban da na indararo, ban da na rijiya, ban da na kogi. No river water o! In kin zuba wani, a hankali zai ci cikin batirin, wata rana a tsakiyar ruwa ya mutu."

Na ce na ji. Duk ranar Alhamis maigidana yana tura baturan a amalanke zuwa shago, ni kuma in miƙa masa kwalbar a cike.

Da farko na yi yadda aka ce. Amma duk wadda ta taɓa banda ta san ba a barin wuta a tafi wani wuri. Hadari zai haɗo, ina fama da rufe kifi, ga goyo tana kuka, ga Baffa yana neman buta, sannan a ce in wanke hannu, in wanke langa, in ɗora a turmi, in tsaya ina gadi kada kaza ta sa baki. Wata Laraba kwalbar ta wayi gari rabi, ga shi mun yi cacar baki da maigidana da safe. Na dubi randa. Ruwan kogi ne, amma na jefa alif ya kwanta, ya yi garau har ana ganin gindin randar. Na ɗaga shi a rana kusa da na kwalbar, ban ga bambanci ba. Na ce a raina ruwa dai ruwa ne, iyayin masu boko ne kawai. Na cika kwalbar.

Ba sau ɗaya na yi ba, gara in faɗi gaskiya tunda na fara. Tun daga ranar na mayar da langata cikin jere, duk Alhamis daga randa nake cikawa. Inji bai fasa tafiya ba, kifi na shigowa, kafaɗarsa ta yi sauƙi. Yakan karɓi kwalbar ya ce, "Sannu da ƙoƙari." Ni kuma in ce, "Yauwa," ko kunya babu.

Sai damina ta kusa ƙarewa, ƙasa ta rikice. Manyan motoci suka fara shigowa daga Arewa ta sabuwar gada, cike da Ibo 'yan garin da suka tsero, wasu da raunuka, wasu ba su ƙarasa da rai ba. Na gani da idona, abin ba kyan gani. Matar da muka shekara biyar muna raba inuwa a Ochanja ta daina amsa gaisuwata, daga baya na ji 'yarta da jikokinta ba su dawo ba. Shi ma mai batir yana da ƙane a Jos, shiru ba labari. A unguwarmu aka daina kiran salla da ƙarfi.

Wata safiya ana yayyafi, ba Alhamis ba, sai ga mai batir da kansa ya turo amalanke da baturan nan biyu da ke wurinsa a caji, ya lulluɓe su da buhu. Idanunsa jajur. Bai ko zauna ba.

"Na cika su taf. Abokina, yau za ku tafi, today today. Kada ku bi gada, kada ku je tasha. Ku haye Asaba ta ruwa. Jirage masu ƙara ana tare su, naka ba mai ji."

Jirgin ƙarami ne, baturan kuma sun cinye tsakiyarsa. Ga ni da goyo, ga matan maƙwabta biyu da 'ya'yansu sun biyo mu suna kuka, mazajensu sun fita tun jiya ba su dawo ba. Baffa ya ji yawan muryoyin, sai ya zauna a kan buzunsa ya ce, "Kai mata da yara tukuna, ka dawo ka ɗauke ni. Wa zai kula tsohon makaho?" Maigidana ya yi ta roƙo, Baffa ya ce ya gama magana.

Kogin ya cika ya batse, ruwa ja wur, yayyafi ya rufe ko'ina har ba a hango ɗaya gaɓar. Matan suna ta salati ƙasa-ƙasa, suna tsoron mutanen da muka baro a baya. Ni abin da nake tsoro yana nan a gaban gwiwata, cikin akwatin kwalta. Na kasa kunne ga gunjin injin, duk sanda igiyar ruwa ta buge mu sai in ji kamar ya rage ƙarfi. Maganar mai batir ce kawai take dawo mini: wata rana a tsakiyar ruwa ya mutu. Na ƙirga yaran da ke cikin jirgin, bakwai har da tawa.

Muka isa. Ya sauke mu a wani yashi ƙasa da garin Asaba, ya juya hancin jirgi. Na shiga ruwa har gwiwa na riƙe gefen jirgin.

"Malam, kada ka dogara da injin nan. Ka riƙe filafilinka kusa."

"Yana nan."

"Malam, ruwan nan da nake ba ka..."

Sai ya yi murmushi, a irin wannan rana, ya cire hannuna daga jirgin a hankali. Ya ce, "Bari sai na dawo. Rufe wa yarinyar kai, ruwa na dukanta."

Na tsaya har yayyafi ya haɗiye shi. Na yi azahar a yashin nan, na yi la'asar. Kwana uku na yi a wurin, har wasu 'yan tireda suka ɗora ni a mota da ƙarfi zuwa Lakwaja, daga nan Yawuri.

Aka yi yaƙi, shekaru suka wuce. Na yi takaba ba tare da an ga gawa ba. Mutane na cewa in yi haƙuri, ƙaddara ce, ina gyaɗa kai, amma a zuciyata na riga na yanke hukunci: batir ya mutu a tsakiyar kogi, ruwa ya tafi da shi, ko a tafiya ko a dawowa da Baffa a ciki. Ni na kashe su da ruwan randa, saboda ganda da fushin langa. Ban faɗa wa kowa ba, ko innata. In hadari ya haɗo sai in shige ɗaki in rufe ƙofa.

Bayan yaƙi ya ƙare, hanya ta buɗe, na bar 'yata wurin innata na bi masu fataucin banda zuwa Anacha. Garin ya zama kango. Gidanmu babu rufi, ciyawa ta fito a inda nake banda. Na yi ta tambaya har aka nuna mini wata rumfar kwano, a ciki ga mai batir, ya rame ya yi furfura, sai da na dube shi sau biyu. Da ya gane ni sai ya dafe kai ya fashe da kuka.

Ya ba ni labari ba ɓoye-ɓoye. Maigidana ya dawo lafiya, shi da kansa ya ga jirgin ɗaure a bakin ruwa. Ya je ya ɗauko Baffa a baya, a kan hanyar komawa jirgi aka tare su aka kashe. Mai batir da wasu mutum biyu suka binne su da yamma a bayan masallacin unguwa, ya ce ya tuna ya juya fuskokinsu gabas. Ƙanensa na Jos ma bai dawo ba.

Na ce, "Injin fa? Bai tsaya ba?"

"Inji? Washegari na danna, ya tashi. Da sauran wuta a ciki."

Duk da haka sai da na faɗa masa. Shekara huɗu ina ɗauke da maganar. Na ce ruwan da nake bayarwa na randa ne, na kogi, da alif a ciki.

Ya share ido ya dube ni. "Madam, ai mun sani. Tun Alhamis ta farko da kika canza ruwan mijinki ya ɗanɗana ya ji alif. Ko ɗigo bai shiga batirin ba. Ni nake tarar ruwa a shago. Naki kuwa, duk mako sai ya juye shi a gindin gwanda a bayan shagona, ya mayar miki da kwalbar."

Na ce, "Me ya hana shi yi mini magana?"

"Na ce ya faɗa miki. Ya ce a'a, aiki ya yi miki yawa, kuma ke mai zuciya ce, in kin san an gane za ki ji kunya ki kasa cin abinci. Ya ce in na faɗa miki, abotarmu ta ƙare."

Na zauna a ƙasa cikin baƙin mai da tsummoki. Na zo ne a ce mini ni na kashe shi, na shirya wa wannan. Ban shirya wa jin cewa wata da watanni yana karɓar kwalbar nan yana ce mini sannu da ƙoƙari ba. Sai a lokacin na gane murmushin da ya yi mini a yashin Asaba. Zuciyata ta karye a ranar fiye da ranar da ya tafi, na yi kukan da ban yi ba a takaba.

Da na natsu na ce ya nuna mini gwandar. Ya kai ni inda shagon yake a dā. Babu shago, babu gwanda, sai tarin bulo da ya ƙone. Ya nuna wani wuri da ƙafa ya ce, "Nan take." Na tsuguna na dafa ƙasar, na ce, "Malam, ruwan randa ne." Mai batir ya juya baya ya ba ni wuri.