Kwalbar Auta

Ƙanwata Auta tela ce. Shekara arba'in tana taka keken ɗinki a ɗakin da ke bakin titi, kuma tun muna yara ita ce 'yar lele. In an sayo takalmi nata ne, ni sai in ya tsufa, alhali ni ce babba. Da ciwon ƙoda ya zo gidanmu ma, ita ya zaɓa.

Sau uku a mako nake raka ta wankin ƙoda. A kwantar da ita a kujera mai laushi, a lulluɓe ta, likita ya duƙa yana “Mama, ya jikin?” Ni da gwiwata ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ina kan benci, ko sannu.

Sai aka fara ba ta wata 'yar kwalba. Nas ta ce injin wankin in yana wanke jini yana haɗawa da abin da ke gina jiki, shi ya sa ƙafafunta suka zama sillen kara har ta kasa taka keke. Abin cikin kwalbar an yi shi ne don masu ƙoda, ya mayar da abin da injin ya kwashe. Fari ne, mai kauri, ƙamshinsa har benci.

“Yaya, tashin zuciya yake sa ni,” in ji Auta. “Taimake ni.”

Na taimake ta. Wata biyu ina taimakonta a bayan labule. Kumatuna suka ciko, maƙwabta suna tambaya ko sabon miji na samu.

Ranar da sakamakon gwajin jini ya fito, likita bai yi dariya ba. Ya ce jikinta ya fara cin naman kansa, in aka ci gaba haka kwanciya za a ba ta, keke kuwa sai dai ta kalle shi. Nas ta dubi Auta, ta dubi kumatuna.

“Iya, maganin dai yana aiki. Jikin ne aka saɓa.”

“'Yar nan, kumburi ne.”

“Kumburi mai sheƙi?”

Auta ta ja bargo ta rufe baki, tana ƙunshe dariya. Ni kuwa ƙafafunta nake kallo, waɗanda suka ciyar da yara biyar, har da nawa biyu lokacin da ubansu ya rasu.

Daga ranar na zama 'yar sanda. Nas ta ce a sanyaya, a sha kaɗan-kaɗan. Ina tsaye a kanta.

“Kurɓa.”

“Yaya, ki ji tausayina.”

“Wa ya ji nawa? Ina jin ƙamshi ina haɗiyar miyau. Kurɓa!”

Bayan wata huɗu na ji keke yana ƙara daga ɗakin titi. A hankali, da hutawa, amma yana ƙara. Abin da ta fara gamawa rigata ce, wadda ta yanka tun kafin ciwon ya kama ta. Na saka, ta tsaya a hammata.

“Awon da ne,” ta ce. “Awon kafin kwalba.”

Ta karɓe, ta rage ta, ta saka abinta ranar wankin ƙoda. Likita har da cewa ta yi kyau. Ina kan benci ina ji.