Fentin Jajibirin Sallah

Akwai wata ranar jajibirin Babbar Sallah da har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba. Lokacin ina akawu a wani ɗan kamfanin sufuri a Tambuwal, motocinmu huɗu, kowace da kamanninta. Ta Kebbe jar ƙofa gare ta, don an taɓa canza mata ita. Mutanen ƙauye da ba su karanta allo, da ƙofar nan suke gane motarsu.

Ni kuwa a lokacin kaina na rawa. Na matsa wa manaja lamba a yi wa motocin ado, har ina cewa tasharmu ta yi kama da kango. Babban direbanmu ya ce a sayi tayoyi ya fi, na yi masa dariya. Aka shafe su duka da kore da fari, aka rataya tutoci, ƙyallayen ado suka rufe allunan gaba. Har lasifika na ɗauko haya.

Da hantsi ina bisa benci ina ɗaura tuta, wani tsoho ya ja bakin rigata. Kunnensa da nauyi, bai jin kiran 'yan kamasho.

"Ɗana, ina motak Kebbe mai jak ƙohwa? Ƙanena na kwance, an ce in zaka maza."

Ko saukowa ban yi ba. Na waiga, na nuna masa wadda ta kusa cika. Wallahi ni kaina ban bambance su ba. Ashe ta Sakkwato ce.

Sai a Dogon Daji ya ga hanya ba ita ba ce. Kafin ya samo babur ya dawo, ta Kebbe ta tashi, ga jajibiri, kowace mota maƙil.

Bayan Sallah ya biyo ta tashar. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na tambaye shi mai jiki.

"Na ishe an bizne shi da la'asar," in ji shi. "Ban riƙe ka ba, ɗana. Motocin dai sun yi kyawo."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Har yau ban ce ado laifi ba ne, amma na koyi cewa aikin mota kai mutum inda za shi. Wanda ya tambaye ka hanya kuma, ka sauko ka dube shi kafin ka ɗaga hannu.